Rahoton Ayyukan Shekara: Famfunan Zuƙe Iska a Ɗakunan Gwaje-gwajenmu

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Kamar yadda muka amince a babban taron bara, kwamitin zartarwa ya mai da ƙarfinsa a bana kan matsala guda: famfunan zuƙe iska na mas sifektiromita, wato na'urar da ke gane sinadarai ta hanyar auna nauyin ƙwayoyinsu. Duk wanda ya taɓa zama gaban GC-MS, wato nau'in na'urar da ke rarrabe sinadarai a matsayin tururi kafin ta auna su, ya san in iska ta saura a cikinta, ƙwayoyin da ake son aunawa karo za su yi ta yi da ita kafin su kai ma'auni, filamen kuma, wato siririyar wayar da ke ɗaukar zafi a cikin na'urar, ya ƙone tun kwanansa bai ƙare ba.

Mun fara da zagaya ɗakunan membobi, abin da muka gani kuwa ya dame mu. Kowa yana girmama famfon tarbo, wato babban famfon na'urar mai saurin juyi, saboda tsadarsa. Amma ƙaramin famfon mai da ke ajiye a ƙasa, shi an mai da shi maraya. A wani ɗaki sai da muka janye kwalaye kafin mu gan shi, man da ke gilashinsa ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana, ba wanda ya tuna ranar da aka canza shi. A wani wurin man ya yi fari-fari kamar koko, alamar ruwa ya shige shi.

Tarbo, wanda Willi Becker ya ƙirƙiro a kamfanin Pfeiffer na Jamus a 1958, yana juyi har sau 60,000 ko fiye a minti guda, amma ba ya iya tura iska waje shi kaɗai. Sai famfon mai ya share masa hanya. In wannan ya gaza, tarbo ya ɗau zafi, boris ɗinsa ya cinye, daga nan sai neman kuɗin waje da jiran watanni.

Shi ya sa bitar da muka shirya ta kasance ta aikin hannu. Kowa ya juye mai da kansa, aka kuma jaddada canza shi duk wata 6. Masu LC-MS, wato nau'in na'urar da ke rarrabe sinadarai a cikin ruwa-ruwa, sun koyi buɗe bawul ɗin balas, wanda ke shigar da 'yar iska cikin famfon mai, don fitar da sinadaran da suka narke a mai. An nuna yadda ake gane yoyo daga lambobin nauyin ƙwayoyi da ke fitowa a allo: 18 ruwa ne, 28 naitirojin, 32 oksijin. In yawan 28 ya ninka na 32 kusan sau 4, iskar waje ce ke shiga, a fara duba notin da ya riƙe kolom, wato siririn bututun da ke kawo sinadarai cikin na'urar.

Batun wuta har yanzu yana nan. Mun rubuta wa shugabannin sassa cewa inbata ba ado ba ce, domin ɗauke wuta kwatsam na iya sa tururin mai ya koma cikin na'ura. Wasu sun amsa. Wasu kuma suna nan suna kashe na'ura kowace Juma'a don rage dizal, alhali bayan kunnawa sai an jira aƙalla awa 2 kafin a amince da sakamako, kuma kashe-kunna yana gajiyar da tarbo. A ganinmu wannan tsimin asara ne. Kada a manta da kakkaɓe matatar fanka idan hunturu ya shigo.

Rumbun kayan gyara na haɗin gwiwa bai samu ba, saboda kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba. Don mu san abin da za a fara saya, muna roƙon kowane memba ya turo wa sakatariya samfurin famfonsa da ranar da aka canza masa mai na ƙarshe, kafin taro mai zuwa.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya