Jimina Ba Ta Wanke Ka Ba, Alhaji: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Tambayarka ta iso ni, ko da yake ba ni ka aiko wa ba, duniya ka aika wa. Bayan bayanin da na yi a rediyo cewa yanayi na taɓa girman jikin tsuntsayen daji da tsawon bakinsu da fukafukansu, sai ka miƙe a bainar jama'a kana tambaya: in zafi na ƙanƙantar da tsuntsu, me jimina ke yi a ƙasar zafi? Ka ƙara da cewa wannan shisshigi ne cikin ikon Allah. Sannan ka rufe da wadda ta fi ciwo, wai ka san irinmu, haddar takardun Turawa muke yi don kuɗin tallafi, wai ko tsuntsu ɗaya ban taɓa aunawa da hannuna ba.

Da ta ƙarshen zan fara, don ita ce ta hana ni barci. Ka tambayi ɗaliban da muke fita fadama da su tun kafin ketowar alfijir, mu kafa raga, mu auna fiffike da ƙwauri da baki, mu sa zobe a ƙafa mu saki. Ka tambayi masunta da maharban da suka daɗe suna yi mana dariya kafin su fara kawo mana zoben da suka tsinta. In akwai kuɗi a wannan aiki, to wallahi ya iya ɓuya. Ni dai sauro na sani, da man babur daga aljihuna.

Su kuwa Turawan da ka ce ina haddace, bari in faɗa maka yadda ɗaya daga cikinsu ya yi "arzikinsa". A birnin Shikago na Amurka, tsuntsaye masu ƙaura kan yi karo da gilasan dogayen gine-gine su mutu. Tun 1978 wani ma'aikacin gidan adana kayan tarihi na Field mai suna Dave Willard ya riƙa tsintar gawarwakin da sassafe, yana aunawa, yana rubutawa a littafi da hannu. Zuwa 2016 an tara 70,716 daga jinsi 52. Da Brian Weeks na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa suka bi lissafin, sai suka ga ƙashin ƙafar tsuntsayen ya ragu da kashi 2.4 cikin 100, fukafukai kuma sun ƙaru da kashi 1.3, kuma raguwar ta bi sawun ɗumamar wuraren da suke ƙyanƙyasa. Shekara kusan 40 mutum yana tsintar mushe. In wannan ce hanyar neman kuɗi, Alhaji, ai ba ka yi asarar komai ba da ka zaɓi aikin ofis.

Sai jiminarka. Na ga an yi maka tafi a kanta, kuma na yarda ta yi daɗin faɗa. Amma ƙa'idar da Bajamushe Carl Bergmann ya kawo a 1847, cewa dabbobin ƙasar sanyi sun fi danginsu na ƙasar zafi girman jiki, ba ta ce a ɗauko jimina a gwada da kanari ba. Dangi ake gwadawa da dangi. A dangin tsuntsun fengwin, babban da ke zaune a ƙanƙarar Antatika yakan haura kilo 30, ɗan'uwansa na tsibiran Galapagos da ke yankin zafi na tsakiyar duniya bai kai kilo 3 ba. Dalilin kuwa duk mai ɗakin girki ta san shi: malmalar tuwo takan daɗe da zafinta, loma ɗaya nan da nan ta huce. Babban jiki na riƙe ɗumi, ƙarami na sakinsa da wuri.

Kuma da ka tsaya ka dubi jiminar da kyau, da ka ga shaidata ce, ba taka ba. Dubi dogon wuyanta, dubi cinyoyin nan tsirara, dubi ƙafafu. A 1877 Ba'amurke Joel Allen ya lura cewa dabbobin ƙasar zafi sun fi na ƙasar sanyi dogayen gaɓoɓi, don ta nan zafi ke fita. Tsuntsu ba ya gumi. Shi ya sa kazar gidanka ke buɗe baki tana haki da bazara, ta saki fukafukai. Baki kansa akwai jijiyoyin jini a ciki. A 2009 Glenn Tattersall da abokansa suka ɗauki hoton tsuntsun tukan na Kudancin Amurka da kyamara mai ganin zafi, wanda bakinsa ya kai kusan sulusin tsawon jikinsa, suka ga yana tura jini cikin bakin in rana ta yi, ya janye in sanyi ya sauka. An ga irin haka ga dangin cilakowa a hamadar Kalahari. A Ostireliya kuma, gwajin tsofaffin samfura ya nuna bakin wasu nau'o'in aku ya ƙaru da kashi 4 zuwa 10 cikin 100 tun 1871.

Ban ce kowane tsuntsu na bin wannan layi ba, kuma ban ce a rediyon ba. Kaset na nan. Ban kuma ce ƙanƙancewa dabara ce kullum ba. Wani lokacin yunwa ce tsagwaronta. Akwai wani ɗan tsuntsun bakin teku, Calidris canutus, da ke ƙyanƙyasa a Taimir ta arewacin Rasha, ya zo ya yi hunturu a Banc d'Arguin ta Muritaniya, nan Afirka ta Yamma. Binciken Jan van Gils na 2016 ya nuna ƙanƙara a can tana narkewa da wuri, kusan rabin yini a kowace shekara. Ƙwari sai su fito su wuce kafin 'yan tsaki su ƙyanƙyashe, su kuwa su tashi tsamurarru da gajeren baki. In sun iso Muritaniya bakin ba ya kaiwa ga ƙumbar da ke binne cikin laka, sai su koma cin saiwar ciyawar ruwa, da yawa su mutu. Ƙanƙara ta narke a Rasha, tsuntsu ya faɗi a gaɓar tekun maƙwabtanmu.

Batun shisshigi cikin ikon Allah ba zan daɗe a kai ba, don na san kai ma ba da gaske kake ba. Wanda ya auna ruwan sama bai ce shi ya saukar da shi ba. Ka dai san maganar da ke saurin tunzura jama'a, ka jefo ta. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Abin da ya kamata ka tambaye ni shi ne: ina lissafin namu tsuntsayen? Nan ne da ka kama ni, amma da ka kama kanka tare da ni. Duk misalan da na kawo na waje ne, domin su sun ajiye, mu ba mu ajiye ba. A dajin Amazon kusa da Manaus an yi shekara 40 ana auna tsuntsayen da ba sa ƙaura ko'ina, jinsi 77, aka ga nauyinsu na raguwa. Mu a nan, dausayin Haɗejiya da Nguru na karɓar baƙin tsuntsaye daga Turai kowace shekara, cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos tana horar da matasa, amma wa ya ajiye ma'aunin shamuwa ko gauraka na zamanin da kuke riƙe da ofisoshi? Tsararku ce ta zauna kan kujerun gandun daji lokacin da akwai kuɗi da motoci. Fayil-fayil gara ta ci. Ita jiminar da kake kafa hujja da ita, yaushe rabonka da ganinta tana yawo a dawa? Gauraka fa, da a da ake jin kukansa a fadamun ƙasar Hausa? An bari sun tafi ba wanda ya rubuta ko nauyin guda, yau kuma mai ƙoƙarin rubutawa shi ne ɗan kwangila.

Na ji ana cewa haushin rashin gayyatarka shirin ne, wasu kuma na cewa wata kujerar kwamiti ake hange. Ban ɗauka ba, don girmanka ya wuce haka a wurina. Idan damina ta ɗauke, baƙin tsuntsaye suka fara sauka, za mu koma fadama. Akwai wuri a motar haya, akwai ma'auni na biyu. Ka zo da takalmin roba, kuma kuɗin mota kowa nasa yake biya.

Wassalam, naka mai girmama ka,
malamin da ka kira ɗan hadda.