Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Ma'aikatan Gudanarwa a Manyan Makarantu, Gombe

Assalamu alaikum. Iyayenmu dattawan ƙungiya, Allah Ya ƙara girma. 'Yan'uwa abokan aiki, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu.

Bana kwamitin zartarwa ya fi ba da ƙarfi ga sakamakon jarrabawa da adana takardu, domin a nan ɗalibi yake gane ko makarantarsa tana da tsari. Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Gombe tun 1977 aka kafa ta, Jami'ar Jihar Gombe ta zo a 2004, ta Tarayya da ke Kashere kuma a 2011. Ku ƙiyasta yawan fayil ɗin da ya taru cikin waɗannan shekaru, kowane ɗaya kuwa rayuwar ɗan wani ce a ciki.

Abin da ya zaburar da mu, da idona na gan shi a wata makaranta. Wata baiwar Allah ce daga Dukku, da goyo a bayanta, sau uku tana zuwa neman takardar sakamakonta. Kullum amsar ɗaya ce: "Hajiya, ki dawo jibi, oga bai sa hannu ba." Ashe makin kwas ɗaya ne ya ɓace. Bayan an sha nema, aka tarar da takardar cikin buhu a sito, ruwan damina ya fara cinye gefenta. Kafin majalisar makarantar ta amince da sakamakon, rukunin bautar ƙasa ya wuce ta. Har yau ina tuna yadda ta karɓi takardar da hannu biyu tana godiya, alhali mu ya kamata mu ba ta haƙuri.

Daga nan muka shirya bita ga ma'aikatan rajistara da jami'an jarrabawa kan shigar da maki cikin kwamfuta da ɗaukar hoton tsofaffin fayiloli. Mun kuma yi shawara a riƙa rubuta ranar da takarda ta shiga ofis da ranar da ta fita, da sunan wanda ya riƙe ta. Inda aka gwada, "ka dawo gobe" ya ragu.

Zama na biyu kan tantance kwasa-kwasai ne, wanda hukumomin tarayya masu kula da manyan makarantu ke yi: NUC ga jami'o'i, NBTE ga kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE kuma ga kwalejojin ilimi. A jami'a, cikakkiyar amincewa shekara 5 take yi, ta wucin gadi 2. An yi muhawara mai zafi, ni kuwa ra'ayina bai sauya ba: aro littattafai da kayan ɗakin gwaji saboda makon zuwan masu tantancewa kwalliyar ranar Sallah ce, ɗalibi ake cuta. Gara kowane sashe ya riƙa tantance kansa duk shekara.

Mun taɓo sabuwar manhajar karatu da NUC ta ƙaddamar a 2022, wadda ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Membobi sun nemi wannan kaso ya dubi gida: noman rani a Dadin Kowa, aikin siminti a Ashaka, kiwo da kasuwar hatsi.

Game da TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati wanda dokar 2011 ta kafa, aka kuma ɗaga harajin da kamfanoni ke biya masa zuwa kashi 3 cikin 100 a 2023, 'yan'uwanmu na ofishin kuɗi sun tunatar da mu cewa sau da yawa rashin kammala lissafin kuɗin baya ke tsayar da na gaba.

Ziyarar ƙaro ilimi da muka tsara zuwa Bauchi ba ta yiwu ba, kuɗin mota ya fi ƙarfin asusunmu. Membobi da dama ba su biya kuɗin wata-wata ba. Mun san halin da ake ciki, amma muna roƙo a daure. Ma'aji zai kawo nasa bayanin daban.

A taro mai zuwa, kowane wakili ya zo da bayanin kwana nawa takardar sakamako ke ɗauka a ofishinsu, daga ranar nema zuwa ranar miƙawa.

Sakataren ƙungiya