Sunan Tasalonika: siyasa ce ta raɗa shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina jinjina muku kan shirinku na tarihi, Allah ya ƙara basira. A makon jiya kun ambaci Tasalonika, birni na biyu mafi girma a ƙasar Girka, kuka ce wani sarki ne ya sa masa sunan matarsa. Gaskiya ne, sai dai an tsaya a bakin ƙofa, mai sauraro zai zaci labarin soyayya ne.

Matar nan, Tasalonika, 'yar Sarki Filibus na Biyu na Makidoniya ce, ubansu ɗaya da Iskandar Mai Girma. Kalmomi biyu aka haɗa a sunanta: Tasaliya, yankin da mahaifiyarta ta fito, da "nike", wato nasara. An ruwaito cewa haihuwarta ta zo daidai da wata nasara da Filibus ya samu da taimakon mahayan Tasaliya, sai ya raɗa mata sunan. Mu da ke kiran yaro Ɗan'azumi ko Anaruwa mun san irin wannan.

Bayan rasuwar Iskandar a shekara ta 323 kafin Miladiyya, manyan mayaƙansa suka hau rububin daula. Kasanda, ɗaya daga cikin masu rububin, wanda ba shi da jinin sarauta, ya kama Olimfiyas mahaifiyar Iskandar a 316, ya sa aka kashe ta, ya kuma auri Tasalonika da ke tare da ita. Wajen 315 ya kwaso mutanen garuruwa 26 na gaɓar teku ya zuba su a sabon birni, ya laƙaba masa sunan amaryar. Duk wanda ya ambaci birnin, dole ya tuna Kasanda surukin Filibus ne, ya cancanci gadon sarauta. Shi ne kuma daga baya ya sa aka kashe ɗan Iskandar da uwarsa Roksana. Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne ƙarshen ita Tasalonika: ɗan cikinta Antifata ne ya kashe ta, saboda rikicin gado da ƙanensa.

Sunan dai ya jure. Da Turkawan Usmaniyya suka ci birnin a 1430 suka riƙa ce masa Selanik, a can aka haifi Atatürk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, a 1881, sai a 1912 ya shiga hannun Girka.

Ina roƙonku ku ware wa wannan baiwar Allah shiri guda, a faɗi labarinta cikakke.

Naku,
Mai sauraronku daga Zariya