Wasiƙar Godiya ga Ma'aikatar da ke Naɗe wa Ɗana Laimar Ko-ta-kwana

Zuwa ga shugaba da ɗaukacin ma'aikata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa daga Aboabo a birnin Kumasi, kuma na zaɓi in buga ta a fili domin 'yan'uwanmu na Zango da ke da 'ya'ya a ƙasashen waje su san irin aikin da kuke yi a ma'aikatarku da ke jihar Florida ta Amurka. Ɗana na fari yana cikin masu tsalle daga jirgin sama da laima, kuma reshen da ya zaɓa shi ne wanda ake buɗe laima da zarar an fito daga jirgi, sannan a matso kusa da juna, na sama ya saƙala ƙafafunsa a igiyoyin laimar na ƙasa, har a yi jeri a sararin sama. A garin Lake Wales da ke jiharku ne mutum 100 suka haɗa laimominsu ta wannan hanya a watan Nuwamba na 2007. Abin yana da ban sha'awa, amma uba ba ya kallonsa da idon ɗan kallo, domin ya san laimomin da ake gogawa da juna da gangan wata rana za su sarƙe.

Hakan kuwa ta faru a watannin baya. Iska ta yi gardama a lokacin da ɗana ke matsowa, laimarsa ta lanƙwashe ta nannaɗe ƙafafun wanda ke samansa. Bayan sun yi magana da juna da ƙarfi kamar yadda aka koya musu, na saman ya ce ya saki, ɗana kuma ya ja marikin da ke sakin zobba uku da ke riƙe babbar laima a kowace kafaɗa, ya rabu da babbar laimar, ya faɗo har ya yi nisa da ita, sannan ya ja marikin laimar ko-ta-kwana. Ta buɗe sarai, dukkansu biyu suka sauka lafiya. Godiya ta farko ta Allah ce, ta biyu kuma taku ce, domin hannunku ne ya naɗe wannan laima.

Ni tela ne tun ina saurayi, saboda haka da ya aiko mini da hotunan jakarsa, ɗinkin na fara dubawa. Na ga ɗinki madaidaici da ba a tsallake ko ɗaya ba, an kuma ninka shi a wuraren da nauyi ke sauka. Na ga katin da kuke rubuta ranar da aka naɗe laima tare da sa hannun wanda ya naɗe ta, da hatimin dalma da aka ɗaure da jan zare. Ya bayyana mini cewa dokar Amurka ta wajabta a warware laimar ko-ta-kwana, a bincika ta, a sake naɗe ta bayan kowane kwana 180, ko an yi amfani da ita ko ba a yi ba, kuma sai mai takardar shaida ne zai taɓa ta. Ya ce ƙarfin da ake bukata wajen jan marikinta bai kamata ya wuce kimanin kilo 10 ba, kuma a gabansa kuka auna. A binciken da ya gabaci wannan rana ne kuka ga ƙaramar igiyar da ke rufe jakar ta fara sanyi, kuka canza ta ba tare da ya roƙa ba. Duk mai sana'ar hannu ya san cewa a aikin da abokin ciniki ba zai gani ba ake gane mai amana.

Abin da ya fi burge ni, duk da haka, shi ne shawarar da kuka ba shi tun ranar da ya ce zai shiga wannan reshe. Akwai wata igiya da ke haɗa babbar laima da ta ko-ta-kwana, wadda ke buɗe ta biyun nan take idan aka saki ta farko. Ga mai tsalle shi kaɗai, wannan igiya ta ceci rayuka da yawa. Ku kuwa kuka zaunar da shi kuka nuna masa dalilin da ya sa masu haɗa laimomi suka saba cire ta, wato mutumin da ya fito daga sarƙewa yana bukatar ya yi nisa tukuna, in ba haka ba sabuwar laimar za ta buɗe a cikin tarkacen tsohuwar. Haka kuma kuka gaya masa gaskiya game da na'urar CYPRES da ke cikin jakarsa, wadda Helmut Cloth ya fito da ita a Jamus a 1991: tana buɗe laimar ko-ta-kwana ne a kusan mita 225 daga ƙasa idan mutum yana faɗowa da gudun da ya kai mita 35 a daƙiƙa, alhali wanda ke ƙarƙashin laimomi masu sarƙe yana iya saukowa a hankali fiye da haka, sai na'urar ta yi shiru. Kuka ce masa kada ya jira ta, ya dogara da hannunsa, kuma kuka sa shi ya maimaita jan marikan biyu har jikinsa ya saba.

Kun hana shi shiga jeri da tsohuwar laimarsa mai siraran igiyoyi da kan yanki fata, kuka nuna masa mai igiyoyi masu kauri na wani zaren roba da ake kira Dacron, kuka kuma ce ya riƙa ɗaukar wuƙa mai ƙugiya guda biyu a wurare dabam-dabam. Jakarsa kuwa kuka ce ba ta bukatar canji, ko da yake da kun ce ya sayi sabuwa da ya saya.

Mahaifiyarsa tana miƙa gaisuwarta da addu'a. Na ɗinka batakari na saƙar arewacin Ghana domin wanda ya naɗe laimar, kuma zai iso ta hannun wani ɗan'uwanmu da ke komawa Amurka bayan Sallah. Roƙona gare ku shi ne, duk ranar da kuka ga wani abu a kayansa da bai gamsar da ku ba, ku riƙe jakar har a gyara, ko da zai rasa tsallen wannan mako.

Naku cikin girmamawa,
Mahaifin ɗaya daga cikin abokan cinikinku,
Aboabo, Kumasi.