Godiya ga ma'aikatan gidan adana takardun tarihi na birnin Pau

Zuwa ga ma'aikatan gidan adana takardun tarihi na jihar Pyrénées-Atlantiques, a birnin Pau, ƙasar Faransa.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Na riga na aika muku godiya da Faransanci, amma hankalina bai kwanta ba sai na faɗe ta a gaban mutanena da harshenmu, tunda yaba kyauta tukuici.

Ni malamin tarihi ne a Damagaram. Duk ɗan garinmu ya san sunan Kazamaju, wato Kyaftin Cazemajou, sojan Faransa da aka kashe a nan tare da tafintansa a watan Mayun 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara na zagayowa Faransawa suka dawo, aka gwabza a Tirmini, suka ci gari, suka sa wa barikinsu sunansa. Shekara da shekaru ina rubuta sunan nan a allo, sai rannan wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, shi Kazamaju me yake nufi da yarensu?" Na tsaya da alli a hannu, ba amsa.

Dalilin da ya sa na rubuto muku ke nan, ni baƙo, ba wanda ya san ni, ba wanda ya yi mini hanya. Wata ma'aikaciyarku ta zauna ta amsa mini filla-filla.

Ta ce sunan ba daga Faransancin Paris ya fito ba, daga yaren Gaskon ne na kudu maso yammacin ƙasar, kuma tushensa kalmomin Latin biyu ne: casa, gida, da major, babba. Ashe babban gida ke nan! Mutanen yankin ba su furta harafin r na ƙarshe, shi ya sa major ta koma majou. Haka za ka iske Casamajor, Casemajor, Cazamajou, kowane yadda kunnen mai rubutu ya ji.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne al'adar da ke bayan sunan. A ƙasar Béarn, wato yankin da birnin Pau yake, gida ne ke da suna, mutane su ara. Ɗan fari ke gadon gida, a wasu wurare ko da mace ce, mijin da ya shigo kuwa da sunan gidan ake kiransa. Mu da muke tambayar mutum "ɗan gidan wa ne?" tun kafin mu tambayi sunansa, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Ta kuma nuna mini yadda rubutu ya ɗaure sunaye: dokar 1539 da ta wajabta wa limaman coci rubuta sunayen jarirai, komawar rajista hannun magadan gari a 1792, sai dokar 1794 da ta hana kowa amsa sunan da ba shi ne a takardar haihuwarsa ba. Har hoton wani tsohon shafi ta haɗo mini. Tawada ta koɗe ta yi ja, sai da na ƙara girmansa a waya kafin na gane harufan.

Game da yawan masu sunan, ta tura ni ga lissafin haihuwa na INSEE, hukumar ƙididdiga ta Faransa, tun daga 1891. Masu suna Martin, sunan da ya fi yawa a can, sun haura dubu 200, masu suna Cazemajou kuwa 'yan ƙalilan ne, akasarinsu a can kudu maso yamma. Kuma ba ta ɓoye mini ba cewa shi kyaftin a Marseille aka haife shi a 1864, don haka takardarsa ba ta hannunku. Ta ba ni adireshin ofishin can, da na gidan takardun soja da ke Vincennes.

Ran Litinin na kira ɗalibar nan gaban allo, ita ta rubuta amsar da hannunta.

Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci aikinku. In ɗayanku ya taɓa biyowa ta Damagaram, akwai masauki.

Naku,
wani malamin tarihi, Damagaram