Wasiƙa ga mutumina: kuɗin sallamar koci

20 ga Nuwamba, 2023

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya jikin Hajiya? Ƙafar ta saki kuwa? Ka durƙusa ka gaishe min da ita, ka ce ɗanta na Amurka yana nan yana yi mata addu'a.

Na san ka yi fushi, kuma da gaskiyarka. Saƙon muryarka yana wayata tun farkon wata, na saurara har sau uku. Maganar takardun ƙaninka tana raina, zan zo kanta. Amma bari in fara sauke abin da ya tsaya min a wuya tun ranar Lahadi 12 ga wata, domin duk wanda na faɗa wa a nan sai ya ɗaga kafaɗa ya wuce, ni kuwa abin ya hana ni sukuni.

Wata babbar jami'a a jihar Texas, Texas A&M, ta kori kocin ƙwallonta, Jimbo Fisher. Ba ƙwallonmu ba, tasu ta nan, wadda na taɓa turo maka bidiyonta ka ce wannan ai kokawar taron dangi ce. Ƙwallo mai siffar gwanda, ƙartai sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. To, an kore shi, kuma jami'ar za ta biya shi kimanin dala miliyan 77 kuɗin sallama. Sake karantawa. Za a fara damƙa masa sama da miliyan 19 cikin kwana 60, sannan duk shekara a riƙa ba shi miliyan 7 da 'yan kai har zuwa 2031. Na zauna na raba, ya kama kusan dala 20,000 kowace rana, yana barci ko yana farke. Ko gobe ya samu aiki a wata jami'ar, ba a rage ko sisi. Kuma ka san me? Daren Asabar, kwana ɗaya kafin korar, 'yan wasansa sun lallasa Mississippi State da ci 51 da 10.

Ka tuna yadda muke zama a bencin mai shayi muna musun albashin 'yan ƙwallon Turai, kai kullum kana cewa wanda ya iya shi ake biya, kasuwa alƙali? Da wannan maganar taka na zo ƙasar nan. Yanzu ta fara yi min rawa a hannu.

Sai ka fara gane girman abin. A nan ƙwallon jami'a ba wasan yara ba ce. Filin wasan A&M yana cin mutum sama da 102,000, na jami'ar Michigan ya haura 107,000. Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata zai shige ciki ya ɓace. Ranar Asabar gari yakan tashi kacokan. Na je sau ɗaya a tamu jami'ar: tun da hantsi mutane sun kafa rumfuna a wurin ajiye motoci, hayaƙin gashi ya turnuƙe, tsohuwa mai sanda ta shafa launin makaranta a kumatu, jikanta na goye da irin rigarta. Da 'yan badujala suka shigo fili, ƙarfen da nake zaune a kai har girgiza yake. Gidajen talabijin kuwa zuba kuɗi suke. Rukunin jami'o'in da ake kira Big Ten ya ƙulla cinikin nuna wasanninsa na shekara 7 a kan kimanin dala biliyan 7, daga bana ya fara aiki. A jihohi da yawa, ma'aikacin gwamnati mafi tsokar albashi ba gwamna ba ne, ba likita ba ne, kocin jami'a ne. Shugaban Amurka dala 400,000 yake ɗauka a shekara. Fisher yana ɗaukar sama da miliyan 9.

Akwai wani Bature ɗan jihar Alabama da muke ofis ɗaya, mutumin kirki, shi ne ya kai ni asibiti lokacin da haƙorin nan ya tayar min. Mun kwana uku muna ja-in-ja a kan wannan magana, kuma wallahi hujjarsa ba ta banza ba ce. Suna ɗaya yake kira: Nick Saban. A 2007 jami'ar Alabama ta ɗauko shi a kan dala miliyan 32 na shekara 8, aka yi ta surutu an ce hauka ne. Kakarsa ta farko ya ci wasa 7 aka ci shi 6. Daga nan sai ya buɗe wuta: kofin ƙasa a 2009, 2011, 2012, 2015, 2017 da 2020. Shida ke nan, ban da wanda ya ɗauka a jami'ar LSU ta jihar Louisiana a 2003. Ɗaliban jami'ar sun tashi daga wajen 25,000 zuwa sama da 39,000, fiye da rabinsu daga wasu jihohi suke zuwa, su kuwa kuɗin makarantarsu ya fi na 'yan gida nesa ba kusa ba. Wani shugaban jami'ar ma ya taɓa cewa ba su taɓa zuba jarin da ya kai Saban riba ba. Yau albashinsa ya haura miliyan 11, kuma ni ma na yarda, idan lissafin shiga da fita za a bi, Alabama ba ta yi asara ba.

Na ce masa na ji, amma Saban guda nawa ne a ƙasar? Kofi ɗaya ne a shekara. Jami'o'i sama da 130 ne a babban rukuni. Kowace Asabar idan wani ya ci, dole wani ya sha kashi. Ko kowane koci za a ninka wa albashi, yawan nasarar da za a raba bai ƙaru da ko ɗaya ba. Wani ya yi rawa ya samu kuɗi, sai kowa ya ɗaura ɗamarar rawa, kuma abin mamakin shi ne tun kafin a buga ganga ake biyansu.

Dubi tarihin Fisher ɗin. Ba ƙaramin koci ba ne, ya ɗauki kofin ƙasa da Florida State a kakar 2013. A ƙarshen 2017 A&M ta ɗauko shi a kan miliyan 75 na shekara 10, kuɗin duk a lamunce, ya ci ko bai ci ba. Su rabonsu da kofin ƙasa tun 1939, ƙishirwa ta yi musu yawa. Har allon girmamawa na cin kofi suka sassaƙa suka ba shi, aka bar gurbin shekarar babu rubutu, ana jiran ya cike. Wannan allon yana yawan faɗo min a rai. A 2020 ya ci wasa 9 aka ci shi 1, suka ƙare a na huɗu a ƙasa. Kaka ɗaya tak mai kyau, ga raɗe-raɗin wata jami'ar na zawarcinsa, sai tsoro ya kama su, a 2021 suka sabunta kwantiragin ya koma wajen miliyan 95. A 2022 ya tara sababbin yaran da aka ce babu kamarsu a ƙasar, sai ga wata ƙaramar jami'a, Appalachian State, wadda su suka biya ta dala miliyan 1.5 don ta zo a yi atisaye a kanta, ta doke su 17 da 14 a gidansu. Kakar ta ƙare da ci 5, faɗuwa 7. Gaba ɗaya zamansa, ya ci 45 an ci shi 25. Ba abin kunya ba ne, amma ba abin da aka saya ke nan ba. Cinikin biri a sama aka yi.

Kai ma dai kada ka yi musu dariya, ɗan Sai Masu Gida. Wa ya kashe waya kwana biyu a 2022 da Pillars ta gangara rukuni na biyu? Har uwargida sai da ta kira ni tana tambaya ko wani abu ya same ka a kasuwa. Na ji kun dawo bana, Allah ya sa da ƙafar dama. Super Eagles kuwa ban ma san me zan ce ba, kunnen doki da Lesotho a Uyo, jiya kuma da Zimbabwe. Na san bencin mai shayi ya kama da wuta, kuma na san wanda ya fi kowa ɗaga murya. Yana nan da hular nan tasa?

To, ina muka tsaya. Abin da na fahimta shi ne, kuɗin nan ba ladan aikin da aka yi ba ne. Fata ake saya, da tsoron kada maƙwabci ya riga ka. Shugaban sashen wasanni na zaune, attajirai tsofaffin ɗalibai na hura masa wuta, a gabansa kuma ga dillalin koci. Akwai wani dillali guda, Jimmy Sexton, shi ke wakiltar Saban, shi ke wakiltar Fisher da wasu manya da dama. Ka san yadda kara take idan shanun duk a hannun dillali ɗaya suke. Farashin da aka sayar da wannan shi za a kafa wa na gaba. Michigan State ma haka ta yi a 2021, ta ba Mel Tucker miliyan 95 tun kakar ba ta ƙare ba, shekarar da ta biyo ya ci 5 aka ci shi 7. Kafin Fisher, sallama mafi tsada ita ce ta Gus Malzahn a Auburn a 2020, wajen miliyan 21. Cikin shekara uku an ninka ta fiye da sau uku.

Abokin ofishina ya ce ai ba kuɗin haraji ba ne, attajirai ne da kuɗin shigar wasanni za su biya, kuma ƙwallon ce ke ɗauke da nauyin sauran wasanni kamar ninƙaya da guje-guje. Haka ne. Amma a nan ne zuciyata ta ƙi kwanciya, saboda wani yaro ɗan ƙwallon jami'armu.

Yana cikin ajin lissafin da nake taimaka wa farfesa koyarwa. Baƙar fata ne daga kudu, kakarsa ce ta rene shi. Idan ya zauna kujerar ba ta ɗaukarsa, sai ya karkace ya miƙe ƙafa ɗaya a hanya. Ranar wata Litinin ya shigo da ledar ƙanƙara ɗaure a gwiwa, ruwa na ɗiga a kan takalminsa, yatsunsa biyu a naɗe da filasta, fensir ya ɓace a cikin hannun. Minti goma da farawa barci ya kwashe shi. Bayan an tashi ya tsaya, ya sunkuyar da kai yana ba ni haƙuri, ya ce tun ƙarfe biyar na asuba yake ɗaga ƙarfe, da yamma kuma akwai atisaye da kallon bidiyon abokan karawa. Ya roƙi in ƙara masa kwana biyu a kan aikin gida. Na zauna da shi awa guda, kuma wallahi yaron yana da kai, gajiya ce kawai ta cinye shi. Shi ne mutum dubbai ke biyan kuɗi su kalla. Jami'a ba ta biyansa albashi. Ana ba shi karatu da abinci da ɗaki kyauta, ban raina wannan ba, mu da muka san wahalar kuɗin makaranta. Tun Yulin 2021 an kuma yarda su karɓi kuɗin talla da sunansu, jim kaɗan bayan alƙalan kotun ƙoli 9 duk sun yanke hukunci a kan hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'i game da tallafin karatu. Sai dai taurari ne ke kwasar mai tsoka, shi kuwa cikin masu tare gaba yake, waɗanda ba a kiran sunansu sai sun yi laifi. Waɗanda ke samun shiga gasar ƙwararru ta NFL ba su kai 2 cikin 100 ba. Idan gwiwar nan ta tafi, babu wanda zai biya shi har 2031.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuɗin talabijin na shigowa kamar ruwan Agusta, an toshe hanyar da za su bi su kai ga yaran, to dole su malala wani wuri: albashin koci, na mataimakansa, da gine-ginen atisaye masu kama da otal. Shi ya sa da aka ce min kasuwa ce ta yanke farashi, na ce wace irin kasuwa ce ake hana mai kaya sa wa kayansa kuɗi? A ba koci albashi mai kyau, aikin ba wasa ba ne, ba su da dare ba su da rana. A ɗora masa lada mai tsoka idan ya ci kofi, ko miliyan nawa ne, ba zan ce uffan ba. Amma a lamunce wa mutum shekara goma alhali yaron da ke karya ƙashi ba a lamunce masa komai bayan makaranta ba, wannan ban iya haɗiye shi ba. Yaron ya ci jarrabawar tsakiyar zango, af. Da ya ga makinsa ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa.

Sanyi ya fara shigowa, ƙarfe biyar duhu ya rufe. Ranar Alhamis hutun godiyarsu ne na cin talo-talo, abokin ofishin nan ya gayyace ni gidansu, ya ce mahaifiyarsa ta nemo na halal musamman saboda ni. Na san musun Saban zai biyo mu har kan tebur, ga shi ranar Asabar Alabama za ta kara da Auburn.

Wai da gaske ne angonmu na bara har ya fara maganar ƙari? Yaya ce ta tsegunta min, ban gaskata ba sai na ji daga bakinka. Kuma babur ɗin nan, kada ka ce min har yanzu yana wurin bakanike.

Mutumin da zai taho a Disamba ya yarda zai riƙo min saƙo. Ka ce wa uwargida kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, yajin irin na wancan karon mai citta. Kilishi kada a sa, a filin jirgi za su ƙwace. An kira ni, motar ƙarshe ta kusa tashi. Ka shafa min kan yara.

Naka har kullum,
Abokinka