Agogon da Yaya Ya Aiko wa Hajiya Bai Kwantar Mini da Hankali Ba

Assalamu alaikum Likita,

Ina yi maka fatan alheri, kai da abokan aikinka na wannan shiri. Ni matar aure ce a Kano, kuma a kan mahaifiyarmu nake neman shawara. Hajiya ta haura shekara 70, tana da hawan jini, gwiwoyi sun gaji, yanar ido kuma ta fara rufe idon hagu. Tana gidan marigayi mahaifinmu a cikin gari, ita da jikarta 'yar sakandare da mai aiki da ke tafiya bayan la'asar.

Da daminar da ta wuce santsi ya kwashe ta a bakin banɗaki, ta fito alwalar asuba. Allah Ya taƙaita, targaɗe ne a hannu da fashewar goshi, ba mu kai ga Asibitin Ƙashi na Dala ba. Amma ta jima a ƙasa kafin yarinyar ta farka. Da na shiga bincike sai tsorona ya ƙaru, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa na kashe mutum kusan 684,000 a shekara, waɗanda suka haura 60 ne abin ya fi ci, kuma kusan ɗaya cikin uku na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa duk shekara.

Babban yayanmu yana aiki a Ingila. Da ya ji labari sai ya aiko da agogon hannu irin na zamani da sabuwar waya. Idan mutum ya yi mummunar faɗuwa, agogon zai yi ƙara ya girgiza hannu, in ya ji shiru kamar na minti ɗaya ba motsi sai ya kira lambar agaji, ya kuma tura wa 'yan uwa saƙo da wurin da mutum yake. A wayar kuma ya saka manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, ana tambayarta tana amsawa, tana tuna lokacin shan magani, tana ƙirga taku. Shi a wajensa magana ta ƙare.

To ni da nake zuwa gidan ga abin da nake gani. Agogon kullum sai an yi masa caji, kuma sai dare ake samun wuta, wato daidai lokacin da Hajiya ke tashi fitsari a duhu shi yana can jone a bango. In ta ɗaura da rana, da an kira salla ta cire don ruwa ya taɓa hannu, ta ajiye a gefen buta ta manta. Na taɓa tsintarsa a cikin kwanon goro. Ko da ma ya kira lambar agaji ta 112, lungunmu mota ba ta shiga. Sannan shi aikinsa shela bayan an faɗi, ni kuwa faɗuwar ce ba na so.

Manhajar ba zan zalunce ta ba, ta yi rana. Da na rubuta mata yadda abin ya faru, ita ta ankarar da ni cewa jinin tsoho kan sauka idan ya miƙe farat ɗaya daga kwance, sai jiri ya ɗebe shi. Ta ce a riƙa zama a bakin gado kafin a tashi, a auna jini a kwance a sake aunawa a tsaye, a ɗauke darduma da ledar da baki ya tashi, a sa fitila a hanyar banɗaki, a kafa ƙarfen riƙewa a bango, a daina silifas mai sulɓi a kan tayil. Ta kuma ba da motsa jiki na zama da tashi daga kujera. Na sa fitila mai sola, na sauya takalmin. Amma da Hausa amsarta wani lokaci kamar an yi wa kurma raɗa, Hajiya ba ta gane komai, ni ce tafinta, ni kuma ina da miji da yara a wata unguwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali maganar magani ce. Manhajar ta ce maganin hawan jini da masu sa barci suna iya jawo jiri, a tuntuɓi likita. Ashe Hajiya tana aika yarinyar kemis ta sayo mata maganin mura don ya sa ta barci. Yaya kuwa rabin maganar ya ɗauka, ya ce a raba ƙwayar hawan jinin biyu mu gani. Na ƙi. Tun daga nan gaisuwarmu ta yi sanyi, yana ganin ina raina ɗawainiyarsa.

Yanzu kuma ya kawo shawarar a sa kyamara a ɗakinta da tsakar gida, ya riƙa kallo daga can. Da na gwada faɗa mata, kallona ta yi ta ce, "Ni za a sa wa ido ina sauya zani? Tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Sanda ma ta ƙi riƙewa, wai ba ta kai nan ba. Amma na lura ta daina fita gaisuwar maƙwabta, nafila ma a zaune take yi, kuma na karanta cewa yawan zaman nan shi ke ƙara kashe ƙafa.

Likita, shin hanyar da na bi a kan ƙwayar nan daidai ce, kuma me zan tattara in kai wa likitanta, lambobin awon jinin da manhajar ke ajiyewa suna da amfani a wajensa? Motsa jikin da wayar ta bayar zan iya sa ta yi da wannan ciwon gwiwa, ko sai masu gashin ƙashi sun duba ta tukuna? Aikin idon za mu fara yi ko gyaran banɗaki, tunda kuɗin ba zai ɗauki biyun lokaci guda ba? Sannan wane lafazi zan yi wa Yaya ya fahimci cewa kuɗin kyamarar gara a biya wata babbar mace ta riƙa kwana a ɗakin, ba tare da ya ji na watsa masa ƙasa a ido ba? Yana sauraron shirin nan ta intanet, kuma maganarka za ta fi tawa shiga kunnensa.

Allah Ya saka da alheri.

Mai sauraronka a kullum,
daga Kano